Hayaƙin da Na Bi Har Maraɗi

Tun da na dawo kuka hana ni sakat. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan ta aiko ƙanwarta, wai yaya Nijar, wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon taɓarya, wai me na sayo. Ban sayo komai ba. Ba yawon buɗe ido na je ba, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya. Ga shi na rubuta. Kowace ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, kada wadda ta sake tambayata.

Saboda waɗanda ba 'yan unguwarmu ba, bari in fara daga tushe. Unguwarmu tana can bayan Gozaki, inda hanyar mota ke ƙarewa. A shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, bayan an cire masara, dawa kuma tana tsaye ba a yanke ba, muka wayi gari hayaƙi ya rufe mu. Ba ƙura ba ce, ko yaro ya san ƙura. Wannan wari gare shi, warin ciyawar da ta ƙone, yana sa ido ruwa, yana shaƙe maƙogwaro. Aka duba gabas aka duba yamma, ba wuta. Rana ta koma kamar jan murfin kwano, kana iya kallonta ido da ido. Haka muka yi kwanaki.

Husna, ɗiyar yayana Lawal, ko yaye ba ta kai ba, kuma dama da ciwon ƙirji aka haife ta. Numfashinta ya koma kamar ana busa sarewar kara. Ba wayar da za a kira mota, man babur kuma ya zama abin nema. Kafin a kai ta asibiti Malumfashi ta cika a hanya, a bayan uwarta.

To ku ji inda abin ya lalace. A wajenmu idan wuta ta ci gonar mutum ba a zama ana gardama. Maza ne ke fita, su fuskanci iska, su yi ta tafiya a kan toka har inda baƙin ƙasa ya ƙare. Nan wuta ta tashi, mai wurin shi ne mai laifi. Haka kakanni suka yi, kuma sau da yawa yana fitar da gaskiya. Bayan sadakar uku Yaya Lawal ya tara abokansa 'yan sa-kai suka bi iska. Sai dai wannan karon babu toka a ƙasa, hayaƙi ne kawai a sama. Suka nufi arewa maso gabas, wutar farko da suka tarar ita ce ta garken Baffa Juli, irin ta kashin shanu da ake hurawa safe da yamma don korar ƙuda. Suka tsaya a nan, suka ce sun samo.

Rugar Baffa Juli ta girmi babana. Hausa suke yi kamar mu, masallacinmu ɗaya, maƙabartarmu ɗaya. Ɗiyarsa Hajjo benci ɗaya muka zauna a firamare. Amma mutane sun riga sun ƙulla cewa su suka sa wa daji wuta don sabon toho ya fito wa shanu, mai unguwa kuma ya ba su zuwa Juma'ar sama su tashi.

Hajjo ta zo gidanmu da ƙwaryar nonon da ba wanda ya saya. Ta zauna a bakin madafa ta ce, "Zuwai, in mun tashi ina za mu? Daji na masu bindiga ne, gari na yayanki."

Na ɗauki mayafi na tafi zauren mai unguwa, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, wutar da ko tukunya ba ta dafawa ce za ta rufe gari uku?"

Ya ce, "Ke ce Zuwaira ta gidan Malam Sule ko? An ce bakinki ba shi da linzami." Sannan ya rage murya. "Ni ma na san hakan. Amma yayanki ɗiya ya binne. In kina da abin da zan nuna wa mutane su gani da idonsu, kawo kafin Juma'a. In babu, tashi ki tafi gida."

A hanyar komawa na tuna da Kawu Sabi'u, ƙanen ummanmu da ke aiki a Maraɗi. Da ya zo wani biki ya nuna mana hoto a wayarsa, ya ce aikinsu ke nan, kallon gobarar daji daga sama da tauraron ɗan'adam, su ga inda ta tashi da inda hayaƙinta ya nufa. A lokacin dariya muka yi masa. Yanzu na ce in dai akwai abin da ke ganin hayaƙi daga sama, to ya ga namu.

Baba ya ce ba inda zan je. Umma kuwa sai ta aika aka kira yayarta Inna Kulu, mai fataucin atamfa da turaren wuta tsakanin Funtua da Maraɗi. Aka tsaya a kan Katsina kawai zan je, inda waya ke aiki, in kira Kawu ya turo hoton, in juyo. Yaya Lawal yana tsaye a ƙofar gida da zan fita. Ya rame, idonsa ja. Ya ce, "Saboda Fulani za ki bar gida ana zaman makoki?" Na ce, "Saboda Husna. Ba ka son sanin abin da ya shaƙe ta?" Bai matsa daga ƙofar ba, sai da na raɓa.

Babur ɗaya muka hau ni da Inna Kulu da ƙunshinta har bakin titi, daga nan mota zuwa Malumfashi. A tasha aka cusa mu cikin wata ƙaramar mota, ni ina kan cinyar Inna rabi, rabi a kan buhun barkonon wani. Duk wanda ke cikin motar da saƙon maƙwabta ya taho: a kira wane a ce an haihu, a kira wance a ce an sako mijinta. Muna wuce Dayi ba mai magana, kowa ido a kan daji. Da muka kusa Gidan Mutum Ɗaya sai wayoyi suka farka gaba ɗaya, wannan ƙara, waccan kiɗa, kamar an buɗe akurkin kaji. Mutane suka fara dariya. Wani dattijo mai jar hula a gaba ya kara tasa a kunne yana sauraron saƙon murya, sai na ga ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Direba ya ce, "Lafiya, Alhaji?" Ya ce, "Mahaifiyata ce a Zariya. Har an yi bakwai." Aka yi masa ta'aziyya, motar ta ci gaba, don ba abin da tsayawa za ta ƙara masa.

A Katsina na kira Kawu. Wata mata ta amsa da Faransanci, irin muryar nan ta na'ura. Na sake, ita ce. Na sake har batir ya yi ja, ita ce dai. Inna ta ce mu kwana mu gwada gobe. Muka sauka gidan wata ƙawarta kusa da tasha, ɗaki ɗaya, mu da dilolin atamfa da sauro. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar da ta kwana. Na ci don kada a ce na raina. Da safe na sake kira, matar nan ce dai. Na ce wa Inna, "Ni Maraɗin zan bi ki." Ta ce, "Ubanki Katsina ya ce." Na ce, "Ubana ba shi da waya, ba zai ji ba sai mun dawo." Ta kalle ni ta ce, "Wanda zai aure ki ya shiga uku," ta biya mana mota.

Hanyar Jibiya shinge ne bayan shinge. A sauka, a buɗe kaya, a ɗaure, a hau, a yi 'yar tafiya, a sake sauka. Gonaki da yawa a gefen hanya ba a nome su ba, ciyawa ta kai kafaɗa. Wayoyi suka sake mutuwa. Mai zama kusa da ni ya nuna min wani ƙauye ya ce nan garinsu ne, yanzu jemagu ke kwana a ciki.

A ƙetaren iyaka aka sauke mu gaban wata rumfa. Wani jandarma, wato irin 'yan sandansu, dogo baƙi, ya karɓi katin shaidata yana juya shi, ya yi min tambaya da Faransanci. Na ce ban ji ba. Ya sake. Na ce, "Malam, yanzun nan na ji kana zagin yaron shayi da Hausa, ka yi min da ita mana." Inna ta mintsine ni har sai da na ji a ƙashi. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "To ɗiyata, tunda kina da hanzari, zamna can ki huta." Ya nuna min benci a tsakiyar rana. Motarmu ta gaji da jira ta tafi. Inna ta yi ta ba shi haƙuri tana kiransa ɗanta, tana tambayar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, har ta gano matarsa 'yar Ɓatagarawa ce. Da zai sallame mu ya ce, "Mi za ki yi Maraɗi?" Na ce hayaƙi na biyo. Ya daina murmushi. Ya ce, "Na gobarar Damargu? Ƙanena can yake kiwo. Har yau ba mu ji labarinshi ba." Ya miƙo min katin da hannu biyu. Ranar na fara jin sunan wurin.

Kun tambaye ni Maraɗi. Gari ne kamar Katsina da aka rage wa hayaniya. Hausarsu irin ta kakanninmu ce, su ce "lahiya lau", su ce "mi kika ce", makaranta kuma lakwal. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Sai an tambaye ki gida, gajiya, rana, sanyi, har da haƙuri da duniya, ke kuwa fitsari ya matse ki. Mata suna tuƙa babur da kansu, da hijabi da jaka a gaba, ba mai juyowa ya kalle su. Wannan kam ya burge ni. Burodin gaskiya ne, dogo, ɓawonsa yana yanka dasashi, in ya kwana kuwa sai dai a kori kare da shi. Shayinsu a ɗan kofin gilashi kamar na magani, ɗaci kamar maɗaci, kuma sau uku ake zubawa, in kika tashi bayan na farko kin yi rashin kunya. Na tashi bayan na farko.

Matar Kawu, wadda yara ke kira Tanti Rakiya, ta tarbe mu da fura mai sanyi, sannan ta gaya min abin da ya sa wayarsa ba ta shiga. Yana daji. Tun da wutar Damargu ta tashi aka tafi da shi arewa yana nuna wa masu kashewa inda ta nufa. Na ce yaushe zai dawo. Ta ce, "In Allah ya so." Na ce na san da Allah, ranar nake tambaya. Ta dubi Inna ta ce, "Duk 'yan Najeriya haka suke, ko ita ɗai ce?"

Zaman jiran nan shi ne mafi muni a tafiyar. Inna ta shiga kasuwa harkarta. Ni ina tsakar gida ina tsinke zogale, ina lissafa Juma'a a raina. Na je ofishinsu da kaina, mai gadi ya ce wanda ya iya na'urar ba ya nan, sauran ba su da izini. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na sake roƙo. Ya ba ni kujera da ruwa, amma ƙofa ba ta buɗu ba. Tanti Rakiya ta dafa dambu da zogale mai daɗi ƙwarai, na ci kamar ina tauna yashi.

Ranar Talata da la'asar Kawu ya dawo. Ban gane shi ba da farko. Gashin girarsa ya babbake, leɓensa ya tsage, warin jikinsa kuwa shi ne warin da ya kwana a ɗakunanmu. Sai da na ji shi hawaye ya zo min. Ya zauna a tabarma ya sha ruwa kofi biyu kafin na yi masa ta'aziyyar jikarsa, don bai ma ji ba.

Daga baya ya ba mu labarin can. Damina ta yi kyau, ciyawa ta yi yawa, ta bushe lokaci ɗaya. A ƙasarsu kafin wannan lokaci ana fitar da maza da hauya da manjagara su kankare dogayen layuka a makiyaya, fili fetal, don in wuta ta zo ta rasa abin ci ta tsaya. Kuma in gobara ta tashi duk wanda ya gani sai ya tsaya, ko direban babbar mota ne, ya karyo ɗanyen reshe ya shiga bugu. Mu a wajenmu in ba gonarka ba ce kallo ne naka. Amma wannan wutar ta tsallake layukan kamar ba a yi su ba. Ya ce ya ga tumaki a tsaye sun ƙone a inda suke, sun haɗa kai wuri ɗaya. Ya ga wani tsoho da ya koma ceto raƙuminsa. Bai ƙarasa wannan ba, ya ce a kawo masa ruwan wanka.

Washegari da safe ya kai ni ofis. Ɗaki ne ƙarami mai sanyi, da kwamfuta biyu da taswira a bango. Ya ce taurarin ɗan'adam suna wucewa ta samanmu kullum, wasu da rana wasu da dare. Suna ɗaukar hoton ƙasa yadda take, kuma suna jin zafi. Inda suka ji zafin wuta sai na'ura ta ɗiga jan ɗigo. Ya buɗe hoton ranar da hayaƙi ya fara rufe mu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙasa duka launin ƙasa, ba iyaka, ba shinge, ba jandarma. Can sama jajayen ɗigo sun taru kamar an watsar da barkono. Daga cikinsu wani farin abu ya fito, siriri da farko, sannan ya buɗe kamar an warware rawani, ya gangaro kudu maso yamma. Kawu ya bi shi da bakin biro. "Nan Tasawa. Nan ya shiga ƙasarku. Nan Kankiya. Nan Malumfashi." Ya danna hoton washegari, rawanin ya ƙara tsawo. Ya danna na gaba, rawanin ya tsaya cak a kanmu, ya yi kauri. Ya ce iska ce ta kwanta a kwanakin, hayaƙin ya sauko ƙasa ya rasa mai kora.

Na ce, "Kenan abin da su Yaya Lawal suka yi daidai ne, bin iska."

Ya ce, "Hanyar daidai ce. Abin da nake yi ke nan kullum. Sun dai tsaya da wuri. Da sun ci gaba, da sai sun yi sati biyu suna tafiya."

Na ce ya nuna min rugar Baffa Juli. Ya matso da hoton har na gane gwiwar rafinmu da dutsen da ke bayanta. Ba ɗigo ko ɗaya. Ya ce wutar garke ta yi ƙanƙanta, tauraro ba ya ma jin ta. Na ce, "To wa ya kunna ta can?" Ya ɗaga kafaɗa. Wataƙila mai shayi ne bai kashe garwashi ba, wataƙila guntun taba, wataƙila salansar mota. Hoton ba ya nuna mutum. Ya ƙara da cewa, "Kuma kada ki je ki ce Kawu ya ce hayaƙi ya kashe yarinya. Ni ba likita ba ne. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne inda ya fito."

Ya buga min hotunan a manyan takardu, ya rubuta sunayen garuruwa da Hausa da hannunsa. Ina naɗe su ina jin kamar in tashi sama. Laraba ce. In na kama hanya yanzu, Alhamis ina gida, da sauran kwana ɗaya.

Ni ce na ce ya duba min na jiya, in ga ko hayaƙin ya gama washewa a wajenmu. Ya buɗe. Sama tas, ba komai. Sai jan ɗigo ɗaya, shi kaɗai, a gwiwar rafi, bayan dutse. Daga jikinsa wani ɗan farin zare ya miƙe.

Kawu ya ce, "Wataƙila kara wani yake ƙonawa a gona."

Na ce, "Ba a yanke dawa ba, Kawu. Ba mai ƙona kara yanzu."

Ya ce ɗigo ɗaya yana rufe fili mai faɗi, ba lallai daidai wurin ba ne. Na ce, "Kai ka ce wutar garke ba ta fitowa." Ya ce e. Na ce, "Wannan ta fito." Na ɗauko waya na kira Umma, na san ba za ta shiga ba, na kira duk da haka. Na ce ya buga min wannan ɗin ma.

Komawar ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Inna ta bar rabin cinikinta ta biyo ni. Jandarman nan ba ya bakin aiki, ban samu na tambaye shi ƙanensa ba. A wani shinge wani mai kaki ya ce in warware takardun, ya juya su sama da ƙasa, ya ce taswirar me ce wannan, wa zan kai wa. Na buɗe baki, Inna ta taka min ƙafa ta ce aikin makaranta ne. Muka sake kwana a Katsina saboda ba direban da zai shiga hanyarmu bayan la'asar. Duk tsawon hanyar ina gaya wa kaina kara ne, wani mahaukaci ne ya ƙona kara da wuri.

Ban shiga gida ba, na ce mai babur ya wuce da ni rafi. Tun daga nesa na ji warin. Bukkokin duka sun zama da'irori baƙaƙe a ƙasa. Tarin harawar da suka ajiye wa rani ya ƙone, wutar ta ci ciyawa har gindin dutse. Turakun maruƙa suna nan a jere, igiya a jikin wasu. Na ga murfin ƙwarya na kaba, rabi ya ci wuta, irin saƙar Hajjo. Wata tsohuwa mai tsintar itace ta ce min ba a kashe kowa ba. Sun ji raɗe-raɗin ba za a jira Juma'a ba, suka kora shanu tun asubar Talata, suka yi yamma. Yamma kuwa kun san abin da ke can. Da rana tsaka aka zo aka sa wa abin da suka bari wuta.

Na kai wa mai unguwa takardun. Ya sa tabarau ya bi farin rawanin da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Allahu akbar." Ya ce zai nuna bayan sallar Juma'a. Ya nuna kuwa. Aka taru aka kalla, wasu suka ce ikon Allah, wasu suka ce aikin Nasara ne ba a yarda da shi, wani ya tambaya ko ana ganin gonarsa. Ba wanda ya ce a je a nemo su Baffa Juli.

Takarda ta ƙarshe ban ba mai unguwa ba. Na sami Yaya Lawal a bayan gida yana wasa lauje. Na shimfiɗa masa na farkon a ƙasa, na nuna masa komai yadda Kawu ya nuna min. Ya kalla ya daɗe. Ya ce, "To su wa suka kunna ta can?" Na ce ba a sani ba. Ya ce, "Kin gani. Ba a sani ba." Ya ci gaba da wasa laujensa.

Sai na shimfiɗa ɗayar a kan ta farkon. Na ce, "Wannan an sani. A duk kwanakin nan ita kaɗai ce wutar garinmu da aka gani daga sama. Ta ranar Talata ce."

Hannunsa ya tsaya. Na ɗora yatsa a kan farin zaren na ja shi kudu maso yamma, yadda iska ta ja shi, har inda Kawu ya rubuta Maska. Na ce, "Can ma akwai masu goyo, Yaya. In mazansu suka fito suka bi iska, a ƙofar wa za su tsaya?"

Bai ɗago ba. Na bar masa takardar a ƙasa, na ɗora dutse a kai don kada iska ta ɗauke.

Har yau ba ya yi min magana, kuma takardar ba ta nan inda na bar ta. Matarsa ta ce tana cikin aljihun rigarsa. Hajjo kuwa, tun da aka dawo da layin waya nake kiran lambar yayanta. A kashe take. Duk wadda ke da dangi wajen Bakori ko Faskari, in an ga wata doguwa mai wushirya tana tallar nono, murfin ƙwaryarta da jan zare a baki, a ce mata Zuwai ta kawo hoton.